Baƙuwa Daga Folan Ta Zo Neman Dangi A Luggere

Duk wanda ya san Jimeta ya san Luggere, domin tana cikin manyan unguwannin garin, da wuya kuwa baƙo ya kwana biyu a nan bai ratsa ta ba. Sunan na Fillanci ne, ma'anarsa kwari, watau wurin da ƙasa ta lotsa har ruwa ke samun mazauni. Yola kuwa, inda fadar Lamiɗo ta ke, kamar mil 5 kudu da mu, daga kalmar tudu aka samo sunanta. Kawuna, Allah ya ji ƙansa, ya kan yi raha da wannan, ya ce sarauta ta haye tudu ta bar mu a kwari, amma ba komai, duk abin da ya gangaro wurinmu zai tsaya.

Maganar tasa kuwa a kansa ta tabbata. Bara da kaka wata mace ta taso tun daga ƙasar Folan, can tsakiyar Turai, ta yi sallama a ƙofar gidanmu, ta ce ta zo neman dangin ubanta. Uban nan shi ne kawun nawa, ƙanen mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. Labarin zuwanta, da abin da ya tono a gidanmu, da tafiyar da muka yi da ita har bakin iyakar Kamaru, su na ke so in bai wa masu karatu. Na nemi izinin mutanen gida sun yarda, bisa sharaɗin ba zan kama sunan kowa ba.

YADDA KAWU YA TAFI

Masu shekaru za su tuna, a zamanin da duniya ta rabu biyu tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, ƙasashen gabashin Turai sun buɗe wa 'yan Afirka makarantunsu. Folan na cikinsu. Samarinmu na zuwa can koyon likita da injiniya, su kuma likitocinsu da injiniyoyinsu na zuwa Nijeriya aikin kwantaragi. A tsakiyar shekarun 1970 Kawu ya sami gurbin karatu ya tafi. Ya fara sauka a birnin Lodz, inda jami'ar garin ke da makarantar koya wa baƙi harshen ƙasar tun cikin shekarun 1950. Da bakinsa ya faɗa sai aka tura shi birnin Wroclaw koyon aikin likitan dabbobi, abin da ya dace da ɗan Fulani wanda ya tashi da sanda a kafaɗa.

Ya komo gida a farkon 1981. Abin da mu yara muka gani shi ne ya zo da takardar shaida, da wata ƙatuwar rigar sanyi wadda ba ta da rana a Jimeta, da ɗabi'ar shan shayi da lemun tsami ba madara. Ba mu san ya baro mata da 'ya ta goye a can ba, da alkawarin zai aika musu kuɗin jirgi da zarar ya kama aiki ya sami muhalli.

Ana cikin haka, ranar 13 ga Disamba 1981, Janar Jaruzelski ya kafa dokar soja a Folan. Aka yanke wayoyin tarho, aka rufe iyakoki, wasiƙa kuwa ba ta fita sai ma'aikatan gwamnati sun buɗe sun karanta. Ba a ɗage dokar ba sai a watan Yuli 1983. A wannan shekara kuma annobar bushiya ta faɗa wa shanun Arewa, Kawu ya yi watanni a daji yana bin rugage da allura. Ba a gama farfaɗowa ba sai tarzomar Maitatsine ta tashi a Jimeta cikin watan Fabrairu 1984, aka yi hasarar rayuka da gidaje, ɗakin da ya ke haya ya ƙone da duk takardunsa. Bayan ƙura ta lafa aka yi masa aure a gida, ya haifi 'ya'ya shida, ya yi aikinsa har ya ajiye, ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ɗaga maganar a gabanmu ba.

Sa'ad da aka jera mini waɗannan dalilai na ɗauka sun isa su raba miji da mata. Ashe da saura, sauran kuwa a cikin gidanmu ya ke.

ƘASAR DA AKA SHAFE DAGA TASWIRA

Kafin in kawo ku ga saukar baƙuwa, ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da ta fito, don ya gane abin da ya sa mutanenta suka ƙware wajen neman asali. Folan tsohuwar daula ce, amma Allah ya zaunar da ita tsakanin maƙwabta masu ƙarfi da haɗama. Sau uku, a 1772 da 1793 da 1795, Rasha da Ostiriya da Farusiya, watau daular da daga baya ta haɗa kan Jamus, suka yi watandarta har ba abin da ya rage. Shekara 123 babu ƙasa mai wannan suna a taswira, sai a 1918 ta komo. Ba ta gama miƙe ƙafa ba Jamus ta auka mata ranar 1 ga Satumba 1939, Sobiyat ta biyo ta gabas ranar 17 ga watan. Yaƙin Duniya na Biyu ya ci mutanenta wajen miliyan 6, kusan rabinsu Yahudawa. Da aka gama a 1945, manyan ƙasashe suka ɗauki ƙasar ɗungum suka matsar da ita yamma: gabashinta ya shiga Sobiyat, aka yanko mata wani yanki na Jamus a madadinsa.

Kakar baƙuwarmu ta wajen uwa tana budurwa a lokacin, a wani ƙauye kusa da birnin Lwow, wanda yanzu ya ke cikin Yukren ana kiransa Lviv. Aka loda su cikin taragun kaya, da su da shimfiɗunsu da saniyarsu guda, suka yi ta tafiya har aka sauke su a Breslau, garin Jamusawa wanda aka kori masu shi aka sake masa suna Wroclaw. Har makarantar da Kawu ya yi, malamanta na farko daga Lwow suka taso ta wannan hanya.

Saboda irin wannan watsewa a kan ƙiyasta masu asalin Folan da ke zaune a ƙasashen waje sun kai miliyan 20, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da wani ɓatacce. Abin da ya rufa musu asiri shi ne littattafan coci. A kowane ƙauye limamin coci ya kan rubuta haihuwa da aure da mutuwa, da sunan uwa da uba. To, amma da ya ke ƙasar ta zauna a hannun iyayengiji uku, littattafan yankin Ostiriya da Latin aka rubuta su, na yankin Rasha da Rashanci tun daga 1868, na gwamnati a yankin Farusiya kuwa da Jamusanci. Mutum ya kan buƙaci harshe uku kafin ya karanta sunan kakanninsa. Littafin haihuwa in ya shekara 100 a kan kai shi ma'ajiyar tsofaffin takardu ta gwamnati, yanzu kuma an ɗauki hotunan da yawa an sa a intanet, 'yan sa kai na zama suna jera sunayen bi da bi. Wasu daga littattafan ƙasar gabas da aka rasa ma an kawo su Warso, babban birnin ƙasar.

Bayan rasuwar mahaifiyarta baƙuwarmu ta shiga wannan bincike, ta ce mini ba ta cika shekara ba ta bi dangin uwa har kaka na shida. Da ta juyo ɓangaren uba sai ta ci karo da bango. Ba ta da komai sai takardar auren iyayenta, da hoto guda, da sunan uba wanda malamanta na makaranta ba su taɓa iya faɗa daidai ba. Daga ƙarshe ta je ma'ajiyar takardun makarantar Kawu, aka fito mata da fayil ɗinsa. A ciki ta ga kalmomi biyu: wurin haihuwa Gurin, mazauni Jimeta. Ta sa hoton a Facebook inda mutanen Adamawa ke taruwa, ba a yi mako ba wani tsohon likitan dabbobi, abokin aikin Kawu, ya bugo mini waya muryarsa na rawa.

SAUKAR BAƘUWA

Ni aka tura in taro ta a filin jirgin sama na Yola, wanda a zahiri a Jimeta ya ke. Ƙarshen watan Oktoba ne, ruwa ya ɗauke, hunturu bai kankama ba, zafin da mu ke gani sauƙi ne ita kuwa sai sharce gumi ta ke yi. Muka kutsa cikin gari, Keke Napep na saƙa ta ko'ina, masu lemo da masu rake sun jeru, mata na tallan kifin Binuwai. Na yi ta nuna mata cewa Jimeta gari ne na kowa da kowa. A layinmu kaɗai akwai Bafillace da Bahaushe da Bata da Kilba da Margi da Higi da Ibo, da asuba ka ji ladan, in gari ya waye ranar Lahadi ka ji waƙar coci. Samarin da ke zaune a bakin shagon mai shayi da suka ji daga Folan ta ke, sai suka ɗauki ihun sunan Olisadebe, ɗan Nijeriyar nan da ya buga wa ƙasar ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 2002. Nan ta fara dariya, na kuwa ga wushiryar Kawu sak.

Mahaifiyata, wadda mu ke kira Hajiya, ta haura shekara saba'in. Tun da maganar ta ɓullo ba ta ce uffan ba, ko na tambaye ta sai ta ce Allah ya kawo ta lafiya. Muka tarar da ita zaune bisa tabarma a inuwar ɗakinta. Baƙuwa ta tuɓe takalmi, ta durƙusa kamar yadda na koya mata a mota, ta yi sallama da karyayyen harshe. Hajiya ta daɗe tana kallonta. Can ta ce mini da Fillanci, in gaya mata ta tashi ta je wurin randa ta komo. Baƙuwa ta tashi ta je ta komo, ba ta san dalili ba. Sai Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Tafiyar Inna ce. Ba sai an nuna mini takarda ba."

Aka kawo kindirmo a ƙwarya. Na yi zaton za ta yatsine fuska, sai ga shi ta shanye tas, ta ce ai a ƙauyukansu ma da rani nono mai tsami a ke sha, da dafaffen dankali. Ni kuma na sanar da ita cewa ni ɗan mace ne ita 'yar namiji, saboda haka taubasai mu ke, duk abin da na gaya mata ba ta da ikon yin fushi. Ta ce to, ita ma ta lura tuƙina ba shi da kyau. Na ce lalle jini ba ya ɓuya.

ZAMAN ZAURE

Ba kowa ne ya yi murna ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba. 'Ya'yan Kawu, musamman babbansu, sun shiga zullumi. An riga an raba gado, gidan Luggere ne da gona da 'yan shanu, ga shi kwatsam an ce akwai wadda ta girme su duka. Wasu a unguwa har sun fara raɗa cewa da lauya ta zo. Ita ma mahaifiyarsu abin ya sosa mata rai, domin ta zauna da mutum shekaru aru-aru bai taɓa gaya mata tana da abokiyar zama a bayan teku ba.

Kashegari da la'asar aka taru a zaure, aka kira malamin unguwa, ni ne tafinta. Baƙuwa ta miƙa takardar aure da hoton ranar ɗaurinsa, ga Kawu da amarya, ga waɗansu ɗalibai Musulmi biyu da suka tsaya shaida. Ta ce akwai zoben da uwarta ta riƙa cewa sadakinta ne, ga shi a yatsanta. Malam ya yi tambayoyinsa ya gamsu, sa'an nan ya ce auren Musulmi da ma'abuciyar littafi halal ne, 'ya kuwa ta ubanta ce, ba mai cire ta. Gado dai, a mazhabar Malikiyya da mu ke bi, bambancin addini ya kan hana shi, ita kuwa a hannun uwarta ta tashi, Kirista ce. Amma ba abin da ya hana kyauta, ba kuma abin da ya ɗauke wa kowa nauyin zumunci.

Da na juya mata maganar sai ta dubi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita tana da aikinta da ɗakinta, ba ta zo neman ko tsinke ba. Tambaya guda ce ta kawo ta: me ya sa bai amsa wasiƙun uwarta ba? Zauren ya yi tsit. Babban ɗan Kawu ya rantse bai taɓa ganin wata wasiƙa cikin kayan mahaifinsu ba. Gaskiya kuwa ya faɗa.

ADAKAR HAJIYA

Da dare, bayan sallar lisha, Hajiya ta aika a kira mu, ni da baƙuwa. Ta sa na jawo tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwa, ta fito da wani ƙunshi. Wasiƙu ne goma sha ɗaya, da kan sarkin Folan a jikinsu, ko ɗaya ba a buɗe ba.

Ta ce, "Gaya mata, kada ka rage kome." Ashe akwatin gidan waya na mahaifina Kawu ya bayar a can, da ya ke shi ba shi da nasa. Na farkon sun isa hannunsa. Amma bayan tarzomar 1984, da kakarmu ta ga ɗanta ya tsira da rai da ƙyar, sai tsoro ya kama ta, kada ya koma ƙasar sanyi ya ɓace mata, kamar yadda wanta ya tafi Makka a ƙasa tana yarinya ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta kira Hajiya ta ce, in dai ta sha nononta, duk takardar da ta zo daga can kada ta kai masa. Hajiya ta bi umurnin uwa. Ƙona su ne ta kasa. Shi yana nan yana zaton matar ta haƙura da shi, ita tana can tana zaton ya yi watsi da su. Ba na wanke Kawu sarai, domin mai nema da gaske ba ya rasa hanya, ko makarantarsa ya rubuta wa da an sada shi da su. Amma ƙofar da ta rage a buɗe mu muka rufe ta.

Baƙuwa ta buɗe ta farko, ta ga rubutun hannun uwarta, ta karanta a hankali cikin harshen da ba wanda ke ji a ɗakin sai ita. A cikin ta uku akwai farar takarda wadda aka ɗora tafin hannun yarinya aka zagaye shi da alƙalami, don uba ya ga yadda 'yarsa ta girma. Ta ɗora hannunta a kai. Sa'an nan ta tattara wasiƙun ta fita ba ta ce kome ba.

Wuni guda cur ba ta fito daga ɗaki ba, abincin da aka kai mata ma haka aka ɗauko shi. Na tabbata jirgi za ta nema. Kashegari da hantsi sai ga ta, ta zo ta zauna kusa da Hajiya wadda ke tsintar shinkafa a faifai, ta sa hannu suka ci gaba tare. Can ta kira ni ta ce, "Gaya wa Goggo, haƙƙin uwata ba ni da ikon yafe shi, yana tsakaninsu da Allah. Nawa kason kuwa na yafe." Hajiya ta ce wannan ita ce magana ta adalci, ta karɓa. A ranar ta raɗa mata sunan kakarmu, da ya ke kuwa 'ya ba ta kama sunan uwa, har ta tafi Mai-sunan-Inna a ke kiranta.

RANAR KYANDIR

Ba banza ta zaɓi wannan lokaci ba. A Folan ranar 1 ga Nuwamba kowa ya kan nufi maƙabarta, a share kaburburan iyaye, a ajiye furanni, a kunna kyandir, har dare ya yi maƙabartu su haskaka kamar gari. Ta zo da kyandir ɗinta cikin ƙaramar kwalba tun daga Wroclaw. Sai da na yi dabara kafin na fahimtar da ita cewa a nan mata ba su saba shiga maƙabarta ba, kuma ba mu gina kabari, ba mu kunna masa wuta, bayan 'yan damuna ma sai tudun ya baje.

Babban ɗan Kawu, wanda jiya-jiya ya ke ɗari-ɗari da ita, shi ya ce a tafi. Ta tsaya a bakin katanga, mu muka shiga, ya je daidai wata bishiya ya tsaya ya ɗaga hannu don ta ga wurin, muka yi addu'a muka fito. Da muka komo gida aka soya ƙosai da masa aka raba wa almajirai da maƙwabta sadaka, ita ce mai miƙawa. Da magariba ɗaya daga cikin maƙwabtanmu, wata Bamargiya, ta raka ta babban cocin Katolika na St. Theresa, wanda ya ba dubban 'yan gudun hijira mafaka sa'ad da Mubi ta faɗi a 2014, ta kunna kyandir ɗinta a can. Kowa ya yi wa mamacin abin da ya iya ta hanyar da ya sani.

GURIN, BAKIN IYAKA

Saura kalma ta biyu da ta gani a fayil. Muka ɗauki hanyar Fufore da sassafe, dawa ta nuna a gonaki, shanu farare na ƙetare hanya, har muka isa Gurin a bakin kogin Faro. A hanya na ba ta tarihin wurin. A nan Modibbo Adama ya fara zama bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a 1809, kafin ya koma Ribaɗu, daga bisani ya kafa Yola a 1841. Ƙasar da ya kafa, wadda a ke kira Fombina, watau kudu, ta miƙe har Garwa da Ngaundere da Tibati da Banyo. A 1893 Ingila da Jamus suka zauna a Turai suka ja layi a takarda, Yola ta faɗa rabon Ingila, mafi yawan ƙasarta kuwa rabon Jamus. Ranar 2 ga Satumba 1901 sojan Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita, ya kara da Jamusawa a Garwa da Marwa, aka kashe shi a 1903. Bayan Yaƙin Duniya na Farko Faransa ta gaji mafi yawan rabon Jamus. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin da ke hannun Ingila ta arewa ya zaɓi Nijeriya, sauran kuwa yana Kamaru har yau.

Ta ƙirga da yatsu, Ingila, Jamus, Faransa. Ta ce, "Ashe ku ma uku ne suka raba ku." Na ce ƙwarai, bambancin kawai ku an mayar muku da ƙasarku.

A Gurin ba littafin coci, ba fayil. Abin da muka tarar wata tsohuwa ce, 'yar ƙanen kakarmu, idonta ya tafi amma kanta garau. Aka gaya mata ga jikar wance. Ta shafa fuskar baƙuwa, sa'an nan ta fara jero sunaye, wane ya haifi wane, wance aka kai ta gari kaza, har kaka na bakwai, ba ta yi tuntuɓe ba. Baƙuwa na rubutawa hannu na rawa, ta ce abin da ya ci mata watanni a gaban kwamfuta ga shi ta samu kafin shayi ya huce. Cikin jerin aka zo kan wani kakanmu wanda ya bi Lamiɗo Zubairu bai komo ba, zuriyarsa na hayin kogi. Aka buga waya. Kafin la'asar sai ga wani dattijo ya ƙetaro cikin kwalekwale, da katin shaidar Kamaru a aljihu. Muka zauna bisa tabarma guda, shi bokonsa da Faransanci, ni da Ingilishi, ita da harshen Folan, kakanmu ɗaya. Na tambaye shi ko iyaka ba ta hana shi zuwa, ya ce ai kogin ya girmi iyakar, zumuncin kuma ya girmi kogin.

Da za mu taso, babban ɗan Kawu ya ja mu zuwa garken gidan, ya nuna wata karsana ja, ya ce a al'adarmu ranar suna uba kan ba ɗa saniya, tata ta makara shekara arba'in da 'yan kai, ga ta. Ta ce yaya za ta yi da saniya a bene hawa na huɗu? Ya ce, "Adda, ba ɗauka za ki yi ba. Zuwa za ki riƙa yi kina dubawa."

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Daren da za ta tafi ta gaya mana cewa a Folan, daren 24 ga Disamba, kowane gida kan ajiye faranti guda da kujera ba kowa, saboda baƙon da ba a zata ba. Ta ce tun tana ƙarama ta san wanda uwarta ke ajiye wa nasu. Hajiya ta ce a Luggere ma ba a kwashe tuwo ba a bar na baƙo ba, ta riƙa tunawa da haka.

Jama'a, abin da na ɗauka daga wannan al'amari biyu ne. Na farko, mutanen Folan sun dogara ga takarda, mu mun dogara ga tsofaffi, takarda kuwa ta kan jira shekara ɗari, tsohuwa ba ta jira. Duk mai sauran kaka a gida, a Gurin ta ke ko a Gaya ko a Maraɗi, ya ɗauki alƙalami ya je ya zauna gabanta tun yau. Na biyu, na tabbata ba gidanmu kaɗai ke da adaka irin ta Hajiya ba. Samarinmu da yawa sun yi karatu a Rasha da Folan da Bulgeriya da Masar, wasu sun yi fatauci a Gana da Sudan, ba duka ne suka komo da duk abin da suka tara ba. Wanda ya san yana riƙe da irin wannan ƙunshi ya kwance shi tun masu haƙƙi na da rai, domin Hajiya ta sami mai yafe mata rabi, rabin kuwa ta makara.

Cikin watan jiya aka aiko daga Gurin cewa karsana ta haihu. Na sanar da taubashiyata, na ce ta zo ta biya kuɗin kiwo ko mu sayar da ɗan maraƙin. Ta amsa cewa tana tafe da kaka, da ita da ɗanta, kuma kada in kuskura in zo tarenta da kaina, a turo direba. Allah ya kawo su lafiya, ya sada kowane ɓatacce da danginsa, amin.